Ranar da Kawu Iro Ya Cika Motar Kafilina

Kawu Iro bai taɓa miƙa kuɗi ba sai ya tambaya, "Da me da me ke ciki?" Ku da kuka zauna da shi a unguwar Batha a Riyad kun sani. Ba ƙin biya yake ba. Yana biya, amma ko ƙwayar abin da ya biya ba zai bar wa mai kaya ba. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya yi min hanyar zuwa Riyad, don haka duk kunyar da ya jawo a garin nan ni nake ɗauka.

Na raka shi aski wajen wani ɗan Bangaladash. An gama kai, mutumin ya ce gemu kuɗinsa daban. Kawu ya ce wa mai askin, "Sadik, abokina, gemun a ƙafa yake? Kuɗin kai na biya." Aka yi gemu, aka yi gashin baki, ya miƙa kunne. Ni ina bakin ƙofa ina danna waya kamar ban san shi ba.

Motar haya ta cikin gari kuwa kuɗinta ɗaya ne ko ina ka sauka. To Kawu ba ya sauka sai ƙarshen layi, sannan ya tako da ƙafa. Na ce, "Kawu, ai mun wuce!" Ya ce, "An biya ai." Cikin zafin Riyad fa, jama'a!

Amma duk wannan wasa ne. Ni direban gida ne a unguwar Shifa. Wata shekara kafilina, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya sayi irin motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, su suna ce mata karafan. Da sanyi ya shigo ya ce in kai ta wani wurin shaƙatawa a sahara, can bayan filin jirgi, in biya kuɗin shiga da na kwana, in kama musu wuri ranar Juma'a, su za su zo Asabar. Ikamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta kusa ƙarewa a watan, sabuntawa kuma a hannunsa take. Ina lallaɓa aikin nan kamar ƙwai.

Bakina ne ya ja min. Na faɗa a wurin mai shayi. Kawu ya ajiye kofi ya ce, "Sale, kuɗin shigar na mota ne ko na kai?" Na ce na mota ne. Ya gyaɗa kai. Da na san abin da yake ƙullawa!

Da safe ya ce in biyo in ɗauke shi ya ga sahara. Na zo na tarar da shi da mutane sun fi goma, har da 'yan Maraɗi masu aikin gini, kowa da ƙullin kaya. Na ce, "Kawu, wallahi motar mutane ce." Ya ce, "Kujerun nan wofi za su tafi? Ni da na ɗauke ka a kafaɗa za ka hana?" Na buɗe ƙofa. Me zan yi?

A bakin ƙofar wurin, mai gadi ya leƙo ya ga kawuna, ya dube ni. Kawu ya ɗaga yatsa, "Sayyara wahid!" Wato mota ɗaya ce. Aka manna mana takarda a gilashi. Sai Kawu ya jefa tambayar tasa, da me da me ke ciki. Mai gadi ya ce akwai ruwa, akwai wuta, akwai banɗaki. Na ji Kawu ya yi hamdala a bayana.

Ashe ƙullin nan wanki ne. Muna dawowa daga sallah aka ɗaura igiya daga madubin mota zuwa turken rumfa, aka shanya wanduna da singileti. Wayoyi sun cika kicin suna caji. Kawu ya fito da injin aski, ya ce tunda wuta tana ciki kowa ya zauna. Wani ɗan Damagaram ya ɗora tuwo a tukunyar madam matar kafilina, miyar kuka da daddawa, labule ya sha wari.

Bayan la'asar ina wanke kwano na ga farar jif tana tahowa. Ashe mutanen gidan sun canza shawara, ba su bari sai Asabar ba. Kafilina ne, da iyalinsa, da surukinsa dattijo wanda ya ɗauko musamman don ya nuna masa sabuwar mota. Madam ko fitowa ba ta yi ba, gilashi ta ɗaga. Kafilina kuwa ya tsaya yana kallon wandon wani yana kaɗawa a jikin madubinsa. Na ce shi ke nan, Sale, sai gida, yara su bar makaranta.

Kawu ya taso, rabin kansa a aske, rabi da sumarsa. "Ahlan wa sahlan! Tafaddal!" Ya shimfiɗa musu dardumarsu, ya zuba musu gahawarsu, ya miƙa musu dabinonsu. Dattijon ya zauna ya ƙare mana kallo, sannan ya juya ga kafilina ya ce, "Masha Allah! Ashe haka kake ciyar da miskinai ranar Juma'a ba ka faɗa?"

Kafin kafilina ya buɗe baki Kawu ya cafe, "Kullum, ya shaihu, kullum! Mutumin kirki ne."

Dattijo ya rungume surukinsa yana sa masa albarka. Kafilina ya yi murmushin dole, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ba'aden." Wato zan haɗu da kai daga baya.

Bai kore ni ba. Ta yaya zai kori direban da ke kawo masa miskinansa? Ya miƙo min sabuwar ikama ba tare da ya dubi fuskata ba, na karɓa ban dubi tasa ba. Labule kuwa sai da aka canza. Abin takaicin, dattijon bai manta ba. Duk sanyi sai ya tambaya ina bayin Allahn nan, dole a sake kai mu. Mu da muka zo ƙasar nan da sana'armu, a jera mu a kan darduma ana raba mana shinkafa ana ɗaukar hoto. Kawu da ke da shaguna a Funtuwa shi ne a sahun gaba, yana neman ƙari. Na ce, "Kawu, ba ka jin kunya?" Ya ce, "Kai ka ji mana, kai ne yaro."

Bara ciwo ya mayar da shi gida, bai daɗe ba ya cika. Da sanyi ya zo dattijon ya duba cikinmu bai gan shi ba, ya tambaye ni. Na gaya masa. Ya ajiye kofinsa, ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a, kafilina ma na ji ya ce amin.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Ya ba ni kunya iya kunya, amma a garin nan babu wanda ya taɓa tambayata ko na ci abinci sai shi.