Rigar da Aka Ɗinka wa Kwamfutata

Kwamfutata ta girmi autarmu, autar kuwa yanzu tana ajin ƙarshe a sakandare. Irin mai akwatin nan ce da ake girkewa a kan tebur. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa tun ina koyarwa a nan Ikara, da ita kuma nake 'yan rubuce-rubucena yanzu da na yi ritaya. Ina son abar nan, ba na ɓoyewa.

Babban ɗana da ke aiki a Kaduna duk zuwan da zai yi sai ya tsokane ni: "Baba, har yanzu tsohuwar nan ba ta yi ritaya ba?" Ni kuwa in ce masa ta ga bayan wayoyinsa da yawa, za ta ga bayan ta hannunsa ma.

Gaskiya ba ita kaɗai ta kawo kanta nan ba. Akwai wani mai gyara a Makarfi, mutum mai fara'a da surutun tsiya, shi ne likitanta. Da ta fara nawa, ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba, sai ya ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar da ke sa ta sauri. Bayan wasu shekaru ya cire faifan ajiyarta mai ƙugi, ya sa mata na zamani, ɗan siriri. Wallahi ranar dariya na yi ni kaɗai, don kafin in gyara zama ta buɗe. Allon ma na sake shi da idona ya fara gajiya. Kusan akwatin ne kawai ya rage na asali.

Wata damina mai ɗakina tana shara ta tarar zanzaro ya yi gini a 'yan hujojin bayan akwatin. Ta kankare, ya dawo ya sake. Abin ya ba ta haushi, ta buɗe adakarta ta ɗauko wani saƙi, baƙi mai ratsin fari, wanda mahaifiyarta marigayiya ta bar mata. Ta auna, ta ɗinka wa akwatin riga cif-cif daga sama har ƙasa, wurin maɓallin kunnawa da na wayoyi kawai ta bari. Kai, ta yi kyau! Na yi ta godiya.

Ba a daɗe ba kwamfuta ta fara wani sabon hali. Ina tsakiyar aiki sai ɗif, ta mutu. Na tuɓe mata rigar don kada ta yi datti a hanya, na rungume ta a kan acaɓa sai Makarfi. A shagon mai gyara ta wuni tana aiki lafiya lau. Duk da haka ya sake mata fanka. Na dawo gida, na mayar mata da rigarta, na zauna, ɗif. Haka muka yi ta safa da marwa har ya gaji.

"Malam," in ji shi, "duk abin da ake sakewa na sake. Ka haƙura ka ba 'yan gwangwan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na daina kunna ta, na koma zaman tabarma a ƙofar gida ina kallon masu wucewa.

Ana nan, wata Asabar mai gyara ya je ta'aziyya Malikanchi, ya biyo mu gaisa. Bayan mun gaisa ya sha fura, ya ce bari ya leƙa marar lafiya. Yana ɗaga labule ya tsaya, ya riƙe baki.

"Malam! A cikin wannan rigar take aiki?"

Na ce ƙwarai kuwa.

Ya yi dariya har da dafa bango. Ya nuna mini cewa ta hujojin nan take fitar da zafi, mu kuma mun toshe su ruf. Ya zare rigar ya kunna, muka yi ta hira har la'asar, ko gezau ba ta yi ba.

Ashe mai ɗakina tana tsakar gida, ta ji komai. Da baƙo ya tafi ta shigo riƙe da almakashi da guntun tsohon gidan sauro. Na gane nufinta, za ta fasa wa rigar tagogi ta liƙa raga. Na ce a'a, zanen Inna ne, an yanka shi sau ɗaya saboda ni, ya isa. Na ce ta ninke ta ajiye, zanzaro kuma ni zan riƙa korarsa.

"Kai ɗin, Malam? Kai da ke neman tabarau yana kan hancinka? Riƙe mini nan."

Na riƙe. Ta yi bisimilla ta datsa. Na ce me ya yi zafi haka, a kan tsohuwar na'ura?

Ba ta ɗago ba ta ce, "Tun da yaran nan suka watse, ƙaf-ƙaf ɗin bugunka nake ji in san akwai mutum a gidan. Kwanakin nan da ka daina, shirun ya yi mini yawa."

Ta gama dajiyar tagogin, ta zura wa akwatin rigarsa, ta jawo mini kujera, ta koma ta ɗora tuwo. Na zauna na yi ta bugu da ƙarfi, duk da ba ni da abin rubutawa ranar.