Mutum-mutumin da Ya Sa Rigar Yaya Habu

A shekarar da ƙaramar Sallah ta zo daidai da nunar dawa, ina ɗan yaro a gidanmu na Kademi. Iya, mahaifiyar Babanmu, ita ke hura wuta a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo, ta binne gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Angona take kirana, ni kuma in ce ba na auren mai haƙori biyu, ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Amma in ta tashi tatsuniya babu mai motsi, don Iya ba ta iya ta ban dariya ba. Nata duk irin masu hana yaro fita fitsari ne.

A kwanakin nan rigima ake a gida. Wana, Yaya Habu, shi aka ɗora wa gadin gona, saboda tsuntsaye sun sako dawa a gaba. Shi kuwa ransa na kan sarewa, wadda ya koya wurin abokansa makiyaya. Samarin unguwa sun shirya yawon Sallah zuwa Toranke a kan kekuna, za a yi kokawa da kiɗa, sun kuma rantse ba za su tafi ba mai busa ba. Baba ya ce babu inda za shi, abincin gidan na shekara ne tsaye a gonar nan.

Sai Yaya Habu ya yi dabara. Ya haɗa mutum-mutumi da kara, ya sa masa tsohuwar rigarsa shuɗiya da malfarsa, ya kafa a tsakiyar dawa. Ina wurin ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya ce, "To, Habu, na bar maka amana." Ni kuwa bakina ba ya ajiya, kafin magariba na kai wa Iya.

Da muka taru, sai ta tura itace cikin wuta, ta ce, "Ku matso, yau ta samari ce."

Wai an yi wani saurayi mai suna Tanko, gwanin sarewa, wanda aiki ya hana shi bin abokansa biki. Ya yi mutum-mutumi, ya tuɓe rigar jikinsa da guminta ya sa masa, ya kira shi da sunansa, ya yi tafiyarsa. Rana na faɗuwa abin nan ya zare ƙafarsa daga ƙasa, ya saɓi fartanya, ya kama hanyar gida.

"In yana tafiya," in ji Iya, ta rage murya, "ba ka jin takun ƙafa. Sai dai ƙaras, ƙaras, kamar akuya a cikin karmami. Idonsa kuma ba ya ƙiftawa."

Ya zauna a tabarmar Tanko, ya ci tuwon Tanko. Kafin zakara ya yi cara yana gona, ba ya dawowa sai duhu. Ba ya dariya, ba ya zuwa dandali, ba ya neman kowa. Gari ya ɗauka, kowa na cewa ai Tanko ya yi hankali. Da Tankon gaskiya ya dawo ya yi sallama, uwar da ta haife shi ta leƙo, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Bawan Allah, daga ina?"

Dodanni da kuraye duk na sha jin su a bakin Iya, amma ban taɓa jin abin da ya tsorata ni kamar mutum ya tsaya a ƙofar gidansu a tambaye shi daga ina ba. Na cusa kaina a zanenta. Yaya Habu yana can gefe yana gyaran keke, wai shi ba ya saurare, amma na lura ya daina ƙwanƙwasawa.

Tanko ya yi ta kwana a bakin zaure, karen gidansu na yi masa haushi. Kakarsa ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. "Mu tsofaffi ai ba a yi mana irin wannan," in ji Iya. Tsohuwar ta ga sarewa rataye a bango, gizo-gizo har ya yi saƙa. Ta sauko da ita ta miƙa wa na cikin gida. Ya kafa baki ya hura, babu abin da ya fito sai ƙaiƙayi. Ta miƙa wa na waje, yana busawa abin nan ya zube, tarin kara da riga. Sai dai da aka buɗe rumbu, duk hatsin da abin nan ya tara shi ma ƙaiƙayi ne. Gidan ya sha yunwa a shekarar.

"Nan ta tsaya," in ji Iya. "Mai kunne ya ɗauki rabonsa, a je a kwanta."

Duk da haka, ana saukowa daga idi Yaya Habu ya sulale. Kwanakin da ya yi a Toranke ban yi barcin kirki ba. Iska ta kaɗa danga, in ce ga mutum-mutumin nan ya iso. Da na bi Baba gona na hango shuɗiyar rigar nan tana motsi a cikin dawa, sai na ƙi shiga. Tsuntsaye kuwa ko a jikinsu, har a kan malfar suke sauka. Sun cinye gefen gona guda.

Ranar da Yaya Habu ya dawo, Baba ya wanke shi tas. Ya shigo shiru, ya zauna ya hau cin tuwo, ba dariya, ba magana. Na tsaya nesa ina kallon idonsa ko zai ƙifta. Da na kasa daurewa sai na zaro sarewar daga jakarsa, na miƙa masa, na ce, "Yaya, don Allah busa." Ya harare ni, sannan ya karɓa. Da sautin ya fito na fashe da kuka, Iya na daga ɗaki tana dariya.

Daga shekarar nan Yaya Habu ya canja tsari. In tafiya ta taso, sai ya tara abokan nan su taya shi aikin gonarsa, shi ma ya taya su, a gama sannan a hau keke. Bai bar noma ba, bai bar busa ba, ni ma ya koya mini har ya ba ni sarewarsa.

Na daɗe ina zaton Yaya Habu kaɗai Iya ke ja wa kunne. Na girma, na buɗe shago a Kano, na shiga aiki ba Juma'a ba Sallah. Abokaina su zo su ce a tafi gida hutu, in ce sai baɗi. Kowa yana yabona, wai na yi hankali. Wata rana ƙaramar 'yata ta tono sarewar a ƙasan akwati, ta ce, "Baba, busa mana." Na kafa baki na hura. Ƙura ce ta fito. Ita dariya ta yi, ni kuwa tatsuniyar Iya ce ta faɗo mini a rai.

Sallar da ta biyo baya na rufe shago, na bi abokaina. Na tarar da Yaya Habu a zaure, furfura ta cika masa gemu. Na yi sallama, ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Bawan Allah, daga ina?"

Wasa yake yi, na sani. Amma sai da gabana ya faɗi.