'Yar Mai Walda da Tururin Tutiya

Uwata mahaifinta yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Shi mai walda ne, rumfarsa a jikin katangar gida take, a nan ta yi wayo tana tsince masa guntayen ƙarfe. Duk ranar da aka kawo bututu mai rufin tutiya, da ya sa masa wuta sai farin hayaƙi ya turnuƙe, washegari kuma Baba ya wuni a kwance da zazzaɓi. Mama ta ce sanyi ne. Shi ya ce ƙarfen ne ke ramawa.

Ita dai abin ya tsaya mata a rai, sai a jami'a ta samu amsa. Ashe ƙarfe ma yana tururi kamar ruwa, tutiya kuwa tana cikin masu saurin tashi, tun baƙin ƙarfe bai fara narkewa ba ta bi iska. Ranar da ta karanta haka sai da ta yi hawaye, don tari ya riga ya zauna wa Baba. Hutun farko ta kawo masa takunkumin rufe hanci da baki, ta tsare shi sai da ya fito da teburin aikinsa fili.

Fannin da ta riƙe ke nan har ta zama dakta a kimiyya. Takan zuba tutiya a bututun gilashi, a zuƙe iskar ciki, a liƙe baki, a sa a tanda wadda gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi. Tururin sai ya bar gefen zafi ya sauka a ɗayan, ƙwaya kan ƙwaya, a jere. In wuta ta yi yawa ya taru a cakuɗe, in ta yi kaɗan a yi ta jira ba labari. 'Ya'yanta kan ce tandar nan ita ce 'yar autar gidansu, ba ta taɓa musawa ba.

Bayan Baba ya ajiye walda, ta lallaɓa shi ta kai shi wurin aikinta. Ya cire takalmi a ƙofa, ta mayar masa. Ta ɗora idonsa a madubin ƙara girma, ya daɗe yana kallon 'yan ƙwayoyin nan masu kusurwa shida suna ƙyalli.

"Uwata, wa ya goge su haka?"

"Ba kowa, Baba. Da kansu suka jeru."

"To ke mene ne naki a ciki?"

"Gadin wuta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta riƙa shafa masa baya. Da ya samu numfashi ya ce ashe duk zurfin karatun nan sana'ar gida ta komo.

A motar komawa barci ya ɗauke shi, kansa a kafaɗarta. Aka zo inda za su sauka, direba ya waiwayo, ta yi masa alama da hannu ya wuce.