Takardar da Na Ƙi Dangwala wa Yatsa

Sai da na haura arba'in da biyar na ji cewa malamai suna da rana tasu. Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci a Sandamu ne ya faɗa mana. Ya ce ƙasashen duniya ne suka ware biyar ga Oktoba don a tuna da wahalar masu koyarwa. A birane ana taro, a yi jawabai, a karrama wasu. Ya faɗa ya wuce, kamar ba ya cikinsu.

Mu abin da muka gada shi ne in kaka ta yi, a kai wa malamin allo damin gero. Ranar kuwa ta faɗo daidai girbi, sai muka shirya kowa ya kawo dami guda. Shugaban ajinmu, wani tela, ya rubuta takardar godiya, ya ce kowa zai sa hannu a ƙasa. Har tawada ya tanada saboda irina.

"Kai dai, Baba, miƙo babban yatsan nan," in ji shi. "Ai ya saba aikin."

"Ya yi ritaya," na ce. Aka yi dariya, amma ni da gaske nake.

Watana huɗu a ajin. Harafi biyar ne sunana, na tsakiyar kullum sai ya juya mini baya. Saura kwana tara. Duk hutun da na yi a gona, sai in share ƙasa in yi ta zanawa da kara. Uwargida ta kawo fura ta tarar da ni a durƙushe.

"Maigida, gero ka zo yanka ko duba ka koma?"

Na share na sake.

Ranar, muka jera dammunan a bakin aji. Da layi ya zo kaina na ɗauki biro. Telan ya turo tawadar a hankali, don kada kowa ya gani. Na tura masa abarsa. Na daɗe a sunkuye, har rubutun ya haura layin wani, amma na kai ƙarshe.

Malam ya karɓi takardar yana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Tun shigata ajin, Baba yake kira na. Da ya iso layina bai tambayi na wane ne ba. Ya karanta sunana daidai, ya ɗago kai.

Na ce, "Na'am, Malam."