Karunan Masaƙi da Rabon Gwaji

Karunan masaƙi ne ɗan masaƙi, a wani ƙauye kusa da Kannur inda ƙarar masaƙa ke riga zakara tashi. Shekara arba'in da ɗoriya yana saƙa wa ƙungiyar masaƙa tawul da zanen gado. Karatunsa a aji huɗu ya tsaya, amma in ka same shi a teburin mai shayi ya baje jarida yana gyara wa gwamnati tafiya, sai ka rantse shi ya koyar da ministoci. Taurin kai kuwa ba a magana. Matarsa ta rasu 'yarsu Nimisha tana da shekara takwas. Dangi suka ce ya kawo ta su riƙe, ya ce wanda ya iya da zare dubu ba zai kasa kitsa kai ɗaya ba. Kitson bai taɓa kyau ba, amma a hannunsa yarinyar ta girma.

Burinsa ɗaya ne a duniya, kada Nimisha ta gaji masaƙa. Ita kuwa ga ta da kai, lissafi ba ya ba ta wuya. Ta rubuta jarrabawar shiga kwalejin injiniya, ta fito da matsayi mai kyau. Daga nan aka shiga abin da ya fi jarrabawar ruɗa iyaye. Kowane ɗalibi zai jera kwalejojin da yake so daga sama zuwa ƙasa, na'ura ta raba gurabe bisa matsayi. Sai dai kafin rabon gaske ana yin na gwaji. Wannan gwajin ne ya ƙi shiga kan Karunan. Ya ɗauki lemarsa cikin ruwan damina, ya nufi shagon Sulekha, matar da ke cike wa 'yan ƙauyen takardu a kwamfuta.

"Karunetta, karo na uku ke nan kana zuwa," in ji ta, da sunan girmamawar da na baya ke kiransa. "Gwaji ne kawai. Su nuna wa yaro inda zai iya faɗawa, su ba shi 'yan kwanaki ya gyara jerinsa in yana so."

"To me zai hana su bayar a wuce wurin? Wasa da hankali ne."

"In ƙungiya ta kawo maka sabon samfuri, kai tsaye kake saƙa kamu ɗari?"

"Wa ya gaya miki? Taƙi guda nake saƙawa in duba."

"To, shi ke nan."

"Da haka kika faɗa tun farko, da ban cinye takalmina a hanya ba."

Gwaji ya fito, ya ba Nimisha zaɓinta na farko, babbar kwalejin gwamnati a Thiruvananthapuram, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa. Karunan bai yi riga malam masallaci ba. Ya ga yadda wani maƙwabci ya raba alewa bara a kan gwaji, daga baya ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ko a teburin shayi bai faɗa ba. Amma murna ba ta ɓoyuwa. Ranar ya sayo kifi babba suka ci da rogo, ya dinga tambayarta sunan kwalejin don kawai ya sake ji.

Akwai abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Ciwon suga na shekara goma ya ci masa ido. Jaridar nan da yake bajewa, manyan baƙaƙe kaɗai yake gani, sauran a bakin mutane yake tsinta. Zare in ya tsinke, da lalube yake ɗaurawa. Allurar da yake yi wa kansa safe da yamma kuwa, ya daina ganin layukan jikin sirinji, da ka yake zuƙar maganin. Kwana biyu da fitowar gwaji, Nimisha ta dawo daga kasuwa ta same shi yashe a gindin masaƙa, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ta shafa masa sukari a baki har ya dawo hayyacinsa. Ya ce santsi ne ya kwashe shi. Ta ɗauko sirinji ta ce ya nuna mata layin da yake tsayawa. Ya ɗora yatsa nesa da wurin, yana ta faɗan an raina shi. Daga ranar ita ke zuƙa masa maganin.

Da rabon gaske ya fito, wata ƙaramar kwaleji aka ba ta, tafiyar minti ashirin a bas.

"Dama gwaji ne, Acha," ta ce wa mahaifin nata, da kalmar da suke kiran uba da ita, idonta a kan tukunya. "Yakan sauya."

Har ya haƙura. Sai ya ji a teburin shayi cewa wata yarinya a ƙauyen gaba, wadda matsayinta bai kai na Nimisha ba, ta sami waccan babbar kwalejin. Ko lema bai ɗauka ba, ya faɗa shagon Sulekha a jiƙe.

"Na'urarku ta cuci 'yata. Rubuta mini ƙara, har gaban minista zan je."

"Zauna tukuna, Karunetta."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Sulekha ta daɗe tana juya biro a hannu. "Babu wanda ya cuce ta. Ranar ƙarshe ta gyara ta zo nan, a kujerar nan ta zauna. Ta ɗauko kwalejin da ke kusa da gida ta sa a sama, ta mayar da waccan ta biyu. Sau biyu na tambaye ta ko ta tabbata."

"To a mayar yadda yake."

"Ba ya mayuwa. In aka ba ka abin da ka sa a sama, duk na ƙasa sun goge."

Sai a lokacin ya zauna. Abin da ya fi ci masa rai, ya fahimci gwajin nan sarai, har yana yi wa wasu iyaye bayani, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa 'yan kwanakin gyaran nan a kansa za a yi amfani da su ba. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana tura 'yarsa gaba, shi ne ya zame mata turke.

Da ya koma gida ya tarar da Nimisha tana kankare kwakwa a bakin ƙofar kicin. Ya tsaya a kanta ruwa na ɗiga daga rigarsa.

"Daga wurin Sulekha nake."

Hannunta ya tsaya, amma ba ta ɗago ba.

"Da kin tambaye ni, 'yata."

"Da na tambaye ka, me za ka ce?"

"In ce ki tafi mana. Ni da na rayu shekara sittin ba da taimakon kowa ba."

"Shi ya sa ban tambaya ba, Acha."

Ya buɗe baki zai yi faɗa irin nasa, sai kuka ya riga faɗan fitowa. Tun da take ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka fita da gawar uwarta. Ta tashi ta kama hannunsa, ta kai shi inda kujera take.