Jaket Ɗin da Ba Zai Shigi Kowa Ba

Radisav Ćirić ya haura shekara sittin a duniya bai san lambar rigarsa ba, don kuwa babu wanda ya taɓa tambayarsa. Su biyu aka haifa a gidansu, can bayan kasuwar garinmu, kusa da bakin kogin Morava. Yayansa Vukadin tun yana goye ƙato ne, shi kuwa Radisav aka samo shi ɗan tsurut kamar da ragowar ƙullu aka yi shi. Duk abin da Vukadin ya gama da shi, kan Radisav yake sauka. Uwarsu ta naɗe masa hannun riga ninki uku ta ce, "Za ka girma ka cike ta." Yaro ya yi ta jiran girma har gemu ya fito masa, bai cike komai ba.

A soja kaya iri biyu ake rabawa, babba da wanda ya fi shi girma. Ranar aurensa da Leposava kwat ɗin Vukadin ya saka, kuma hoton yana nan a bangon falonsu, amarya tana riƙe da bakin hannun kwat, babu alamar yatsun ango. A masana'antar kujeru inda ya yi aikin sito har ya tsufa, rigar aikin wanda ya gada aka miƙa masa. Vukadin kuwa ya tafi Jamus neman kuɗi, ya ƙara faɗi da murya, duk zuwan da zai yi gida sai ya zo da akwati cike da kwance.

"Ungo, ƙane, sau biyu kacal na saka. A birnin Niš ma ba za ka samu irinsa ba."

Sai Radisav ya yi godiya. Abin da ke ci masa rai shi ne, ranar da duk ya sayi wani abu sabo da guminsa, hula ko lema ko safar hannu, Vukadin zai miƙo hannu ya ce, "Bari in gani." In ya gani ya yi masa daidai, to an yi ban kwana ke nan. Ba mugunta ba ce, shi dai a ganinsa ƙane reshe ne na akwatinsa.

To a garinmu namiji bai cika namiji ba sai da baƙin jaket na fata. Direban tasi yana da shi, mai sayar da tattasai yana da shi, kansila yana da biyu. Wanda ba shi da shi in ya yi magana a gidan gahawa, sai a juya a ci gaba da kallon ƙwallo. Don haka da Radisav ya yi ritaya, ya ƙudurta a ransa cewa sau ɗaya kafin ya mutu zai saka abin da aka yanka dominsa shi kaɗai, abin da ba wanda ya riga shi zufa a ciki, ba kuma wanda zai raba shi da shi.

Ya so ya je shi kaɗai. Amma a nan mutum yana iya zuwa asibiti shi kaɗai, yana iya zuwa kotu shi kaɗai, sayen jaket ɗin fata kam sai da iyali. Leposava ta ɗaura ɗankwali ta bi shi. Surukinsu Dragiša, mijin 'yarsu, wani dogon mai kafaɗa da ba ya rasa shawara a kan dukiyar wani, ya ce shi ma yana da ɗan lokaci.

Majstor Zlatimir (majstor muke kiran duk gwanin sana'a), baduku kuma tela, shagonsa yana bayan rumfar masu cuku, warin jima yana tarbar mutum tun daga lungu. Ya sa Radisav ya tuɓe kwat ɗin da ke jikinsa, sannan ya tuɓe na ƙarƙashinsa, sannan suwaita. Ya zagaya ƙirjinsa da tef, ya duba, ya sake zagayawa, ya leƙa bayansa.

"Ina ka baro sauran naka?"

"Sauran me?"

"Sauran jikinka mana. Arba'in da shida kake, bawan Allah. Wannan buhun da ka shigo a ciki hamsin da shida ne."

Radisav ya maimaita lambar a ransa, ya ji daɗinta har cikin ƙashinsa. Bai gama jin daɗin ba Leposava ta karɓe zancen.

"Majstor, rabu da tef ɗin nan. Ka bar wurin suwaita biyu, waɗanda na saƙa masa, masu kauri. Kuma ya sauko ya rufe ƙoda. Ba zan zauna jinyar tsoho ba saboda gayu."

A nan babu mai musu da ita. Mu mutanen nan mun ga yaƙi mun ga tsadar rayuwa ba mu girgiza ba, amma a buɗe taga da ƙofa lokaci ɗaya iska ta ratsa ɗaki, sai ka ga tsofaffin sojoji suna neman mafaka. Duk wanda ya mutu a garinmu, in an bi diddigi, wata iska ce ta taɓa bugun ƙodarsa.

"Gaskiyar Mama," in ji Dragiša, yana shafa wata fatar maraƙi mai kauri. "Kuma Baba, wannan fatar shekara arba'in take yi ba ta gaji ba. Abu mai tsada irin wannan ai a yi tunanin gaba. A ɗan buɗa kafaɗa, a ƙara tsawon hannu, a sa aljihu huɗu, ɗaya na waya."

"Wayar wa?" in ji majstor. "Tasa ko taka?"

Dragiša ya yi tari ya koma kallon zif. Majstor ya gaya musu abin da yake gaya wa kowa. Fatar ɗan rago laushi gare ta, tana bin jikin mai ita, fatar maraƙi kuwa sai dai jiki ya bi ta. Fata tana ɗan saki kaɗan in ta sha jiki, amma ba ta girma, kuma ramin da allura ta huda ba ya toshewa, in an yanka an yanka ke nan. Suka saurare shi da ladabi, sannan suka tsayar da hamsin da huɗu, baƙi, fatar maraƙi, tsawo har cinya, da shafin ulu da kwala mai gashi. Hamsin da huɗu, kamar da wasa, ita ce lambar Dragiša. Mai jaket yana tsaye a singileti yana rawar sanyi, ba wanda ya waiwaye shi.

Washegari da safe Radisav ya ce zai je sayen burodi, ya zarce shagon.

"Majstor, ka yanka?"

"Tukuna."

"Arba'in da shida. Fatar ɗan rago. Ya tsaya a ƙugu. Kuma kada ka bar rara a cikin ɗinki, ko faɗin yatsa, yadda ba wanda zai iya buɗa shi."

"Matarka za ta kashe ni."

"Da ni za ta fara, kana da lokacin gudu."

Majstor ya yi dariya har da buga teburi. "To wane launi kake so?"

Radisav ya bi fatun da kallo. Ya san launin da Vukadin yake so, ya san wanda ba ya nuna datti, nasa ne bai sani ba. Kunya ta kama shi, hawaye ya taru masa a gaban tarin fatu. Can ya nuna wata mai ruwan ƙasa, kalar gahawa da ɗan madara. Ya zaɓi zif maimakon maɓalli, kwala ƙarama a tsaye, aljihu biyu na ɗumama hannu, na ciki guda ɗaya wanda bai da abin da zai saka a ciki.

Ranar da jaket ya iso gida an yi ƙaramin yaƙi. Leposava ta ɗaga shi da yatsu biyu ta tambaya ko na jikansu ne. Dragiša ya ce bari dai ya gwada, hannu ɗaya ya shiga zuwa gwiwa ya cije, sai da aka taru aka zare shi. Radisav bai taɓa jin farin ciki irin na wannan lokacin ba. Ya saka abinsa, ya ja zif, fata ta kwanta a kafaɗarsa lif, hannun ya tsaya daidai wuyan hannu.

Ya fita yawon yamma a babban titi, mutanen da suka san shi tun yarinta suka wuce shi ba gaisuwa. A gidan gahawa aka gano ashe yana da wuya, ashe yana da yatsu. Wani ya ce ya rame, wani ya ce ya yi sabuwar mace. Ya faɗi ra'ayinsa a kan alkalin wasa, aka yi shiru aka saurara. Gaskiya kam sanyi yana shigar masa ta baya, ƙugunsa har yana sara, amma da ya faɗa a gaban Leposava gara ƙodar ta faɗo ƙasa. Sai ya riƙa jingina da murhu yana cewa yana duba itace ne.

Abu ɗaya yake jira, bikin waliyyin gidansu, Nikola, a tsakiyar hunturu, don Vukadin ya ce bana zai zo. Ya kwana biyu bai zo ba, a waya yakan ce ɗan ciwon ciki ne, likitocin Jamus ne da son surutu. Radisav ya shirya komai a ransa. Zai rataye jaket a inda ido zai gani, Yaya zai ce bari in gani, shi kuma zai miƙa masa da hannu biyu ya koma ya zauna ya sha kallo. Har a gaban madubi ya gwada irin fuskar tausayin da zai yi.

Ranar biki ya je tasha tarbarsa. Motar ta zazzage fasinjoji, bai ga ƙato ba. Sai wani tsoho ya sauko a hankali yana dafa ƙofa, kwat yana reto a jikinsa, ba akwati a hannunsa.

"Kai ƙane, tsayawa za ka yi kana kallona kamar ka ga fatalwa? Zo ka kama ni mana!"

Muryar ce kawai ba ta rame ba. A gida aka kunna kyandir, aka yanka burodin biki, aka jera kifi da wake da kabeji. Vukadin ya ba da labarin Jamus, ya zagi gwamnatoci uku, ya tsokani Dragiša, amma cokali biyu ya ci ya ture faranti. Leposava ta dubi mijinta, mijin ya dubi faranti. Sai idon Vukadin ya sauka a kan abin da ke rataye a bayan ƙofa.

"Kai! Na wane ne wancan? Bari in gani."

Dragiša ne ya yi saurin miƙa masa, yana murmushin wanda ya san abin da zai faru. Vukadin ya zura hannun dama, ya wuce. Ya zura na hagu, ya wuce. Kafaɗa ta zauna, hannu ya tsaya a wuyan hannu, zif ya hau har ƙirji ba gardama.

"Wa ya ba telanku awona?" in ji Vukadin, yana dariya shi kaɗai.

Wani baƙin ciki ya taso wa Radisav tun daga yarinta. Ya yi wa matarsa ƙarya, ya sha sanyi, ya zaɓi lambar da ba mahalukin da za ta shiga a zuriyarsu, ga shi mutumin nan ya bi ta hanyar ciwo ya zo ya same shi. Ya miƙe, kujera ta faɗi.

"Cire, Yaya. Wannan nawa ne."

Bai taɓa faɗa masa haka ba, kuma Vukadin bai taɓa jin haka daga bakin kowa ba. Ya dubi ƙanensa, dariyar ta ɗauke. Ya kai hannu zai zuge zif, yatsun suka kasa riƙe ɗan ƙarfen. Radisav ya matsa ya kama masa, bayan hannunsa ya taɓa ƙirjin yayansa ta cikin fatar nan mai laushi da ba ta ɓoye komai, ya ji haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya.

"Gaskiyarka, naka ne," in ji Vukadin, wannan karon a hankali. "Ara mini kawai, ƙane. Ɗumi gare shi. Ba zan daɗe da shi ba."

Radisav ya tsaya riƙe da zif. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a soja. Maimakon ƙasa, sai ya ja shi sama har wuya, ya gyara masa kwala da ƙarfi kamar mai faɗa.

"A'a, ka daɗe da shi. Ka saka shi har ya koɗe, har gwiwar hannu ta huje, sannan ka aiko mini. Kafin nan ba na karɓa, ka ji ko?"

Vukadin ya ce ya ji.