Agogon Da Ya Sha Ruwan Tiga

Malamin da ya koya mini lissafi shi ne ya kashe mini karatu, kuma ba da sanda ya yi ba, da shiru ya yi.

A shekarar da muka gama sakandare, mu shida muke zuwa zaurensa a Bebeji bayan la'asar yana shirya mu jarrabawar shiga jami'a. Dokar jarrabawar kowa ya haddace ta: ba a shiga da kalkuleta. Fensir, abin gogewa, sai ɗan littafin nan na teburin lissafi. Ni dokar ba ta dame ni ba. Kafin wani ya gama laluben shafi na fitar da amsa. Ba yabon kai ba ne, malamin da bakinsa yake cewa in ban ci ba to babu mai ci a zauren.

Matsalata ɗaya, lokaci. In tambaya ta yi mini gardama ba na sakinta. Sai malam ya ce in nemi agogo, in riƙa ba kowace tambaya minti ɗaya.

Yayana yana aiki a ma'aikatar ruwa ta Tiga. Yana da agogon roba irin mai ƙananan madannai na kalkuleta a jiki. Agogon ya taɓa suɓuce masa ya faɗa cikin dam, tun ranar madannan suka mutu, sai lokaci kawai yake nunawa. Shi ya ara mini. Ban ɗaura ba sai da na kai wa malam. Ya danna, ya sake dannawa da farce, ya yi dariya ya ce, "Wannan ai gawa ce. Ɗaura abinka."

Ranar jarrabawa sai ga malam cikin masu tsaron ajinmu. Na ji daɗi har raina. Na yi nisa da aiki, sai babban mai dubawa da aka turo daga birni ya tsaya a kaina ya kama mini hannu.

"Mene ne wannan?"

Na ce, "Agogo ne, ranka ya daɗe. Madannan ba sa aiki, danna ka gani."

Ya ce shi ba gyaran agogo ya zo yi ba. Amma mutumin yana da sauran imani, don ya waiwaya ya tambayi masu tsaro, "Akwai wanda ya san yaron nan?"

Na dubi malam. Malam yana ta jera takardun da tun ɗazu a jere suke.

Aka karɓe takardata, aka ja mata jan biro, aka nuna mini ƙofa. Mahaifinmu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi tunda an kama ni da sata a gaban mutane, boko ya isa haka, ga fadama can tana jira. Kalmar sata ita ta fi korar da aka yi mini ciwo. Na shiga noman rani, kuma har yau babu dillalin tumatir da ya isa ya rikita ni a ƙidayar kwando. Agogo kuwa ban sake ɗaurawa ba.

Bayan shekara goma sha wani abu muka haɗu da malam a tashar Kwanar Dangora, ina lodin kwanduna, shi yana jiran motar Tudun Wada. Ya yi furfura. Na durƙusa na gaishe shi, don ba a haife ni marar kunya ba. Ya gane ni sarai. Ya tambayi iyali, ya tambayi gona, da zancen ya ƙare masa sai ya ce, "Ƙarfe nawa ne a wurinka?"

Na miƙe na nuna masa tsintsiyar hannuna. Na ce, "Allah gafarta malam, tun wanda ka ce in ɗaura ban sake ɗaura wani ba. Kai ka danna shi, kai ka ce gawa ne. Da aka tambaya wa ya san ni, kana tsaye, kana ji. Ban nemi ka yi ƙarya don ka cece ni ba. Abin da ka gani da idonka kawai za ka faɗa, ka kasa."